Ƙwallon Ƙafa: Wasan Taubasai Tsakanin Ƙasashen Duniya

Ranar Asabar, 10 ga Disamba, 2022, bayan la'asar, gidajen kallo sun cika maƙil tun daga Kano har Maraɗi. Hazon hunturu ya lulluɓe gari, janareto na ta ruri a bayan rumfa, samari sun matsu a kan benci, waɗanda suka makara suna leƙe daga bakin ƙofa. Maroko ce ke karawa da Fotugal a Katar. Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, Youssef En-Nesyri ya yi sama ya sa wa ƙwallo kai, sai ga ta a raga. Rumfa ta kaure da ihu. Waɗanda jiya suka kusa bai wa hammata iska a kan Chelsea da Arsenal, yau ga su sun rungumi juna.

Da aka tashi, ana haramar magariba, wani dattijo riƙe da buta ya tsaya yana kallon samarin da ke fitowa suna tsalle.

"Kai, samari, lafiya? Me aka raba?"

"Baba, ai Maroko ce ta ci!"

"To, a cikinku wa ya taɓa zuwa Marokon? Ƙarti ashirin da biyu suna bin fata guda a wata uwa duniya, su an biya su miliyoyi, ku kun biya kuɗin shiga kuna kashe muryoyinku. Allah ya shirye ku."

Wannan ƙorafi ya daɗe yana yawo. Ana jin sa a majalisa, ana jin sa a teburin mai shayi, wani lokaci har a kan mumbari. Akwai gaskiya a cikinsa, zan kuma zo kanta. Amma tambayar dattijon ita kanta abin tsayawa a duba ce. Me zai sa yaron da bai taɓa wuce Zariya ba ya ji zafin mutanen da ko gaisuwarsu bai iya ba, ya yi farin ciki da farin cikinsu? A nawa ganin, gasannin ƙwallo na ƙasa da ƙasa sun zame wa duniya abin da wasan taubasai ya zame wa Hausawa da maƙwabtansu: fage ne da ake gwada ƙwanji ba a zubar da jini ba, a yi tsiya, a yi dariya, a rabu an san juna. A zamanin da faɗa ya fi sulhu araha, irin wannan fage ya fi ƙarfin raini.

1. Doka ɗaya ga kowa

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da mambobi 211, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe 193 gare ta. Duk waɗannan mambobi dokoki 17 ne kacal ke tafiyar da wasansu. Faɗin raga a filin Maracana na Birazil shi ne faɗinta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Abin da ake kira satar gida a Tokiyo shi ne satar gida a Damagaram.

A gasar cin kofin duniya ta 1966 a Ingila, alƙalin wasa Bajamushe ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattin, a karawarsu da masu masaukin baƙi. Alƙali ba ya jin Sifaniyanci, ɗan wasa ba ya jin Jamusanci. Rattin ya turje ya ƙi fita, yana neman a kawo tafinta, aka ɓata mintoci ana cacar baki. Wannan ruɗani ne ya sa wani tsohon alƙalin wasa ɗan Ingila, Ken Aston, ya kawo shawarar a ari launin fitilar ba da hannu ta kan titi: ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa sallama. Aka fara aiki da katunan a gasar 1970 a Meziko. Daga ranar, da farfesa da wanda bai taɓa shiga aji ba duk sun san abin da alƙali ke nufi in ya ɗaga hannu.

Daidaiton bai tsaya kan kati ba. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙasashe biyar ne ke iya hawa kujerar na ƙi. A fili kuwa sha ɗaya ne da sha ɗaya. Shi ya sa Sanagal ta iya doke Faransa da ci ɗaya mai ban haushi a wasan buɗe gasar 2002, ga Faransa tana riƙe da kofi, ga ta kuma ita ce ta yi wa Sanagal mulkin mallaka. Shi ya sa Saudiyya ta doke Ajantina da ci 2 da 1 a 2022. Ina wani zaure kuma da ƙaramar ƙasa za ta tsaya gaba da gaba da babba, a auna su da mudu ɗaya, duniya na kallo?

2. A yi tsiya, kada a yi gaba

Kakanninmu sun gane cewa maƙwabta ba sa rasa tsohon miki a tsakaninsu, don haka suka yi wa mikin magani. Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya haɗu da abokin wasansa sai ya zazzage masa tsiya son ransa, babu mai fushi. Wasu daga cikin waɗannan wasanni daga tsoffin yaƙe-yaƙe suka samo asali, aka mayar da takobi kube aka bar wa harshe aikin. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin abubuwan gado na ɗan Adam. Ƙa'idarta a bayyane take: ka tsokane shi, amma kada ka ci mutuncinsa, kuma ranar da ya shiga uku kai ne farkon zuwa jaje.

A gasar 1998 a Faransa, ƙuri'a ta haɗa Amurka da Iran a rukuni ɗaya. Ƙasashen biyu ba su ga maciji, hulɗar jakadanci ta yanke tun 1980. An yi ta fargabar abin da zai faru a birnin Liyon. Da suka fito fili, sai 'yan wasan Iran suka miƙa wa takwarorinsu fararen furanni, aka cakuɗu aka ɗauki hoto tare. Iran ta ci 2 da 1, aka yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Wasan bai sasanta gwamnatocin biyu ba, amma miliyoyin mutane a ɓangarorin biyu sun ga cewa wanda aka ce musu dodo ne ashe saurayi ne mai gumi da haki kamar ɗansu.

Wani lokaci ma tsiyar cikin gida ɗaya take shiga. Kevin-Prince Boateng ya buga wa Ghana, ƙaninsa Jerome ya buga wa Jamus, suka kara da juna a 2010, suka sake karawa a 2014. Breel Embolo, haifaffen Yawunde, ya ci wa Suwizalan ƙwallo a ragar Kamaru a 2022, sai ya ɗaga hannuwa ya ƙi yin murna, don kunyar ƙasar da aka binne cibiyarsa. Ba a raba hanta da jini, ko da an sa musu riguna daban.

3. Gani ya kori ji

Mafi yawan ƙiyayyar da ke tsakanin al'ummu ji ne ya haife ta. An ce su kaza ne, an ce ba su da kaza. Gasar ƙasashe tana tilasta wa mutane gani da ido, wata guda cur.

A Katar, duniya ta ga magoya bayan Japan suna tsayawa bayan an tashi wasa, suna bi kujera-kujera da leda suna kwashe shara, har wadda ba su suka zubar ba. Wa'azin tsafta nawa ne zai shiga zuciyar saurayi kamar wannan hoto? Duniya ta ga Achraf Hakimi, wanda aka haifa a Madrid, ya ruga wurin 'yan kallo ya sumbaci goshin mahaifiyarsa. Ta ga Sofiane Boufal yana taka rawa da tasa mahaifiyar a bakin fili, tana sanye da ɗankwalinta. Ta ga 'yan wasan Maroko sun jeru sun yi sujada ranar nasara, sun kuma yi ranar da Faransa ta fitar da su. Mutumin da shekara da shekaru labarin bam kaɗai yake ji game da Musulmi, a wannan wata ya ga biyayyar iyaye da godiyar Allah. A daren 18 ga Disamba kuma, Sarkin Katar ya yafa wa Lionel Messi alkyabba kafin ya ɗaga kofi. Wasu jaridun Turai sun yi ta gunaguni, amma duk wanda ya tashi a ƙasar sarauta ya san girman da ke cikin a yafa wa baƙo alkyabba.

A shekarar da ta biyo baya, a gasar mata ta duniya ta 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga wannan gasa da hijabi. Sai a 2014 ne dokar wasa ta amince da rufe kai a hukumance. Da mu'amala ta yi yawa, dokar ce ta matsa ta ba al'ada wuri.

Mu ma mun taɓa karɓar baƙi. A 1999 an buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Nijeriya, aka yi wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi. A 2000 Kano ta ga wasannin kofin nahiyar Afirka, a 2009 kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta sake kawo baƙi garuruwan nan uku. Samarin da suka zo daga nahiyoyi daban-daban sun koma gida da labarin da suka gani da idonsu. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙwallo ta sa ƙafafu da yawa sun taka inda ba za su taɓa takawa ba.

4. Kujerar Afirka ba kyauta aka ba ta ba

Kada mu ɗauka tun farko haka tabarmar take da faɗi. Gasar cin kofin duniya ta farko, a Yurugai a 1930, ƙasashe 13 ne suka buga, babu ko ɗaya daga Afirka. Masar ta je a 1934, daga nan nahiyar ba ta sake leƙawa ba sai bayan shekara 36.

Da aka fara gasar kofin Afirka a Khartum a 1957, ƙasashe uku ne suka buga: Masar da Sudan da Habasha. Ta huɗun, Afirka ta Kudu, an cire ta ne saboda ta ƙi yarda ta kawo tawagar da ta haɗa baƙi da farare. Tun ranar farko ke nan, masu ƙwallon Afirka suka ce ba za su zauna inuwa ɗaya da wariyar launin fata ba.

A gasar 1966, daga cikin gurabe 16, gurbi ɗaya tal aka ware wa Afirka da Asiya da yankin Ostireliya su yi rububinsa. Ƙasashen Afirka, da Ghana ta Kwame Nkrumah a sahun gaba, suka ce ba za ta saɓu ba, suka janye baki ɗaya. A wannan gasar da suka ƙaurace wa, wanda ya fi kowa zura ƙwallo shi ne Eusebio, haifaffen Mozambik, da ƙwallo tara a rigar Fotugal. FIFA ta ga uwar bari, ta ware wa Afirka gurbinta daga 1970. Sauran kuwa a fili aka ƙwato shi: Tunisiya ta doke Meziko a 1978, Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma a 1982, Kamaru ta Roger Milla ta doke Ajantina ta kai zagayen 'yan takwas a 1990, Sanagal ta kai a 2002, Ghana a 2010, Maroko kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022. Da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48 daga 2026, Afirka ta samu gurabe tara kai tsaye. Maroko kuma tana cikin masu masaukin baƙi na 2030, tare da Sifaniya da Fotugal.

Darasin a fili yake. Haɗin kan da babu adalci a cikinsa biyayya ce kawai. Ƙwallo ta zama ta kowa ne saboda waɗanda aka bari a waje sun haɗa kai sun buga ƙofa har aka buɗe. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

5. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya

Kafin ƙwallo ta haɗa ƙasa da ƙasa, takan fara haɗa 'yan ƙasa ɗaya. A 1996 Nijeriya na cikin tsaka mai wuya. Raunin soke zaɓen 12 ga Yuni bai warke ba, an dakatar da ƙasar daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, kudu da arewa ana kallon hadarin kaji. A wannan yanayi ne aka je gasar Olimfik ta Atlanta. Birazil na gaba da ci 3 da 1, yaran suka farke, Nwankwo Kanu ya ci biyun ƙarshe, aka tashi 4 da 3. A wasan ƙarshe aka doke Ajantina 3 da 2, aka ɗauko zinare. A tawagar akwai Garba Lawal da Tijjani Babangida 'yan Kaduna, da Kanu ɗan Owerri, da Taribo West ɗan Fatakwal. A daren nan babu wanda ya tambayi addinin wanda ya ci ƙwallo. Haka aka yi a 2018 da Ahmed Musa ya zura biyu a ragar Iceland: da Enugu da Sakkwato sunansa ɗaya suke kira.

A Nijar, ranar da Mena, tawagar ƙasar, ta doke Masar mai riƙe da kofin Afirka a Yamai a 2010, da ƙwallon Moussa Maazou, Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace tuta ɗaya suka ɗaga, har ƙasar ta kai gasar Afirka karon farko a 2012.

A Kwaddebuwa kuwa yaƙin basasa ya raba ƙasa biyu tun 2002. A watan Oktoba na 2005, da tawagar ƙasar ta doke Sudan ta samu gurbin gasar duniya karon farko, Didier Drogba ya karɓi makirifo a ɗakin sauya kaya, shi da abokan wasansa, 'yan kudu da 'yan arewa, Kirista da Musulmi, suka durƙusa gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai. A 2007 ya nemi a kai wasansu da Madagaska birnin Buwake, hedikwatar 'yan tawaye, aka kai, sojojin ɓangarorin biyu suka kalli wasa a fili ɗaya. A shekarar ce kuma Iraƙi, tana tsakiyar zubar da jini, ta ɗauki kofin Asiya da tawagar da ta ƙunshi 'yan Sunni da 'yan Shi'a da Ƙurdawa.

6. Inda masu ƙorafi suka yi gaskiya

Son ƙwallo ba zai sa mu rufe ido ba. Ƙwallo ba ta warkar da abin da siyasa ta lalata. Duk da roƙon Drogba, yaƙi ya sake ɓarkewa a Kwaddebuwa bayan zaɓen 2010. Faransa ta yi alfahari da tawagarta ta 1998, mai Zidane ɗan asalin Aljeriya da Desailly haifaffen Akara da Vieira haifaffen Dakar, amma bayan shekara huɗu Jean-Marie Le Pen, mai aƙidar ƙin jinin baƙi, ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. A 2021 Ingila ta yi ta rera sunan Bukayo Saka, amma daren da shi da Rashford da Sancho suka ɓarar da bugun fanareti a wasan ƙarshe na kofin Turai, zagin launin fata ya yi musu ruwa a intanet. Wanda ake so ranar nasara kaɗai, ba a karɓe shi ba tukuna.

Wani lokaci ma wasan kan zama ashana. A 1969 El Salbado da Handuras sun gwabza yaƙin kwana huɗu jim kaɗan bayan wasannin neman gurbi. Ruwa ba ya tsami banza: rikicin filayen noma da korar baƙi ne tushen, amma zafin ƙwallo ya hura wutar. A 1994 an harbe Andres Escobar na Kolombiya a garinsu kwanaki bayan ya ci gida bisa kuskure. Mu ma muna da namu tabon. A watan Maris na 2022, da Ghana ta hana Nijeriya zuwa Katar, 'yan kallo sun afka cikin filin wasa na Abuja suka yi ta ɓarna, har FIFA ta ci tarar ƙasar. Ghana abokiyar wasanmu ce ta tuntuni, kuma wanda ya yi fushi a wasan taubasai shi ya faɗi.

Sai kuma kuɗi. Ma'aikata baƙi daga Asiya da Afirka ne suka gina filayen Katar cikin zafi da wahala, wasunsu ba su koma gida da rai ba. Kuɗin tikiti da na jirgi da wahalar biza sun sa talakan da ya fi kowa son wasan shi ne ba ya taɓa shiga fili. A nan gida kuma caca ta shigo cikin wayar kowane saurayi. Mai caca ba ya kallon gwanintar kowa, ba ya ganin al'adar kowa, takardarsa kawai yake dubawa. Ga sallar da ake bari ta wuce, ga ɗalibin da ke kwana a gidan kallo ana gobe jarrabawa. Duk wanda ya yi kuka da waɗannan ya yi gaskiya.

7. Abin da ya rage gare mu

Maganin waɗannan illoli shi ne a koma kan ƙa'idar wasan, a kuma ci moriyarsa da gangan. Mai gidan kallo ya tanadi ruwa da tabarma, in lokacin salla ya yi a tashi a yi, ya kuma hana harkar caca da zagin iyaye a rumfarsa. Malamin makaranta ya kawo taswira aji lokacin gasa, ya nuna wa yara inda Kuroshiya da Ekwado suke, abin da suke nomawa, harshen da suke yi, domin yaron da ya haddace sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya zai iya haddace manyan birane goma sha ɗaya. Uba ya zauna da ɗansa su kalli wasa ɗaya, ya nuna masa yadda wanda aka ci yake miƙa hannu ga wanda ya ci shi. Ƙananan hukumomi su daina yanka filayen unguwa suna sayarwa, su shirya gasa tsakanin unguwannin da ba sa shiga harkar juna, musamman a garuruwa irin su Jos da Kaduna inda rikici ya raba mazauni.

Babban aikin kuma yana kan kowannenmu. Ƙwallo ta riga ta nuna mana, sau da dama, cewa za mu iya son mutumin da ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, mu dogara da shi, mu yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Wannan hali namu ne, a cikinmu yake, ba alƙalin wasa ke kawo shi ba, bai kuma kamata ya tafi da shi in ya hura usur na ƙarshe ba. In har mun yarda ɗan Owerri ya ci mana ƙwallo mu kwana muna murna, to mu yarda ƙaninsa ya buɗe shago kusa da namu, mu yi masa barka da zuwa. In har ɗan Legas ya yi tsalle don Ahmed Musa, to ya ga mutuncin ɗan'uwan Ahmed Musa da ke tura baro a kasuwar Mile 12. A nan ne za a san ko mun koyi wani abu daga wasan, ko kuwa kallo kawai muka yi.